Kafin ki sayi dashen fure a Garwa, ki san wanda zai jure bazara

Duk wadda za ta sayi dashen fure a garin Garwa na Kamaru, kada kyansa na watan Agusta ya ruɗe ta. Da damina ko ciyawar bakin kwata kore take shar. Abin da nake tambayar mai dashe shi ne: yaya wannan yake a Maris da Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, ruwan randa ma sai an yi tattalinsa?

Ni dai shukar nan mai suna kariya nake so, ba na ɓoyewa. 'Yar ƙasa ce, a cikin duwatsu take fitowa da kanta, ba wanda ya ba ta ko moɗa ɗaya. Da rani, sa'ad da ta kakkaɓe ganyenta tas, a lokacin take fitar da furenta ja mai hasken fari a tsakiya, a kan rassa tsirara. Tawa tana cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da na huda gindinta, kusa da ƙofar madafi, kuma a tsakiyar ƙurar hunturu ita kaɗai ce mai launi a tsakar gidan. Ruwa take ajiyewa a cikin kumburarren gindinta, shi ya sa ƙishi ba ya kashe ta, sai dai yawan ruwa. Ki haɗa mata ƙasa da yashi mai yawa, da damina kuma ki janye tukunyar daga ƙarƙashin indararo. Abu ɗaya: ruwan jikinta guba ne, har dafin kibiya akan yi da shi. Ki ɗora ta inda yara da awaki ba sa kaiwa, ki wanke hannu idan kin yanke reshe.

Bugembiliye, shuka mai yaɗo wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ba laifi a kan katanga, ita ma da rani take cika launi, amma ƙayarta da sharar safe sun ishe ni. Filambuwayan kuwa, babban icce ɗan Madagaska, gab da faɗuwar damina yake yin ja zur kamar an kunna masa wuta. Ki je ki kalle shi a bakin titi, domin a ƙaramin gida saiwarsa tana ɗaga daɓe.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Bara wani mai tura dashe a baro ya tsaya a ƙofar gida da wata kariya, ya ce, "Hajiya, wannan daga waje ta zo, furenta ninki-ninki ne." Na ba shi jaka uku. Bayan kwana goma ta yi laushi, na zare ta daga leda, ashe reshe ne aka yanko da furensa aka soka a ƙasa, ko saiwa ɗaya babu. Tun daga ranar ba na sayen dashe sai na riƙe gindinsa na ɗan ja a hankali. Mai saiwa zai taso da ƙasarsa, na bogi zai zamo a hannunki. Ki matsa gindin kariya da yatsa: idan da tauri, lafiya, idan ya lotsa, ya fara ruɓa daga ciki, ko kyauta ce ki bar ta. Ki duba ko an binne gindin da ƙasa har wuya, don sau da yawa ruɓa ake rufewa.

Haka masu tura hoton kariya mai fure shuɗi ko baƙi a WhatsApp suna sayar da iri a ƙulle. Hoton gyara shi aka yi. Masu fure ninki-ninki na gaske aure ake yi musu, a ɗora reshensu a kan gindin wata, kuma za ki ga tabon haɗin da idonki. Irinsu idan an shuka ba lalle ya ba da furen uwar ba. Wadda aka shuka da iri ita ke yin babban gindi tun tana ƙarama, ta reshe siririya take tasowa.

Ki je wurin masu dashe da ke zaune wuri ɗaya, tsakanin Janairu da Maris, ki zaɓi wadda kika ga furenta a jikinta, ki sa mai ita ya zare ledar a gabanki kafin ki kwance bakin zani.