Ofishin shawarar shari'a a Zango: abin da jaka biyu ta saya mini

Rigimar iyakar gona da wani maƙwabcina a hanyar Mirriya ce ta kai ni wani ƙaramin ofishin ba da shawara kan shari'a da ke unguwar Zango, nan Damagaram. Ɗaki ɗaya ne, da benci a ƙofa da fanka mai kuka, kuma kuɗin ganin lauyan jaka biyu.

Na shiga ne da niyyar a rubuta mini takarda zuwa hukumomin jiha. Matashin lauyan ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce, "Baba, wannan ƙofar ba ta ɓullewa." Ya ɗauki farar takarda ya ja layi uku: 'yan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarmomi ta tsaro, kotuna ta shari'a, kuma igiyar dukansu tana Yamai. Majalisun jihohin da aka fara zaɓa a 2011 aikin raya ƙasa aka ba su, ba kamu ko hukunci ba, kuma tun 2024 aka rusa su.

Da na tambaya ko akwai inda ake miƙa wa majalisar yanki irin wannan iko, sai ya kawo misalin Ireland ta Arewa, wani yanki na Birtaniya. An ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a 1998, amma Landan ba ta saki 'yan sanda da shari'a ba sai ranar 12 ga Afrilun 2010, kuma ko a lokacin, saboda manyan jam'iyyun yankin biyu ba su yarda ɗaya ya riƙe ma'aikatar shari'a ba, sai aka damƙa ta ga David Ford na jam'iyyar Alliance da ƙuri'ar ɓangarorin biyu. Bayanin ya yi daɗi, ko da yake masu jira a kan benci sun fara gyaran murya tun bai kai rabi ba.

Shawararsa a kan gonar gajeriya ce: in fara da mai gari, wanda doka ta ba ikon sasantawa, in tabbata an rubuta takardar sulhu an sa mata hannu, in abin ya faskara sai kotu. Wannan kaɗai ya hutar da ni kuɗin mota da yawon ofisoshi.

Inda suka gaza shi ne cika alkawari, don ƙarfe 9 aka ba ni, amma sai wajen 11 lauyan ya iso. Haka kuma takardar da aka miƙo mini da Faransanci zalla take, alhali tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, har sai da na nemi jikana ya fassara mini ita da dare. Duk da haka na tura ƙanena can kan maganar gadonsu, amma na ce masa ya nemi a karanta masa kowane layi da Hausa kafin ya miƙa jaka biyunsa.