Gadon maɗaci: banish ko fenti?

Ƙanwata za ta tare bayan kaka, sai Baba ya ce a gyara gadon maɗacin da Inna ta bari a kai mata. Amarya fari take so, ni kuwa ina jin ƙyashin a rufe jan nan na maɗaci.

Kafin ka tafi kasuwar Wudil ran Juma'a sayen gwangwanin fenti, ka san halin itacen. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi, in ka shafa tafin hannu za ka ji su, kuma akwai wani jan launi a cikinsa da ke tasowa da zarar ya ji danshi. Shi ya sa fentin ruwa, irin na bango, ya fi kowanne araha kuma ya fi kowanne asara. Maƙwabcinmu ya shafa wa kujerarsa fari, kafin sati ya zagayo ta yi jirwaye kamar an watsa mata ruwan goro.

Fentin mai ya fi shi nesa ba kusa ba, amma sai an fara da shafin ƙasa, wanda kafintoci ke kira andakot, shi ma na mai. Shi ke toshe ƙofofin, ya danne jan. A yi shafi biyu, kowanne ya kwana, a goge da sanfefa mai laushi, lamba 220, ana bin tsawon itacen. In kuɗinka bai kai ba, rage a fentin sama, kada ka rage a nan. Illar fentin mai jinkirin bushewa. Da hunturu ƙura na manne masa, sai dai a yi aikin a ɗaki, a yayyafa ruwa a daɓe, a bar kafar da wari zai fita. Farinsa kuma yana dafewa in an kwana biyu.

Feshi ya fi santsi da saurin bushewa, sai dai yana son inji da janareta, ga kuɗin motar kai gado gari.

Banish shi ne nawa, domin yana fito da zanen itacen, amma ba ya rufa asirin tsaga ko faci. In sabon gado za ka saya, ka ɗan kankare ƙasansa da wuƙa; in fari ya leƙo, farin katako ne aka rina, ba maɗaci ba.

Baba ya raba gardama: gado banish, sif ɗin farin katako kuma a yi wa amarya farinta.