Madarar gwangwani ko takunkumi mai gawayi?

Jiya a garejin fenti wajen Ƙofar Ƙaura na ga wani yaro ya gama feshin mota, ido jajawur, ya huda gwangwanin madara ya shanye wai ta wanke mai ƙirji. Nace ƙanena ai madara ciki ta nufa, shi kuwa tururin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ta huhu yake shiga, nan da nan ya bi jini, kuma da yake abu ne mai son kitse sai ya haye ƙwaƙwalwa, shi ya sa kake jin jiri kamar ka sha wani abu. Hanta ce ke wahalar narka shi, ƙoda ta fitar a fitsari, ɗan kaɗan ya fita ta numfashi. Madara ba ta da hannu ko ɗaya a wannan aikin, sai dai ta kashe maka yunwa.

Takunkumi mai gawayi kuma, wato mai matatar gawayi na musamman a ciki, tun a ƙofa yake tare tururin. Akwai tsada, ga zufa da zafin Katsina, kuma gawayin na cika, in ka fara jin wari ta ciki to a canza. Na ƙyalle dai ƙura kawai yake kamawa.

Yaron yace oga bai sayo ba, ya juya yana wanke hannu da fetur, wanda shi ma fata na tsotsa.