Haki ko leda a kan gadon tattasai cikin hunturu?

Malam, tsakanin haki da leda da ka tambaya, ka ɗauki haki. Busasshen haki marar 'ya'ya, ko tattakar shinkafa irin wadda ake samu a fadamun Wurno da Kwalkwalawa, shimfiɗa ɗaya marar kauri, yadda za ka riƙa hango ƙasa ta tsakani.

Sanyin Disamba da Janairu yana jinkirta iri ne kafin ya kai ga kashe shi. Idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 25, tattasai kan tsaga cikin kwana 8 zuwa 10. Idan ya sauka zuwa 15, sai ya kai mako uku ko fiye. Tumatir na kwana 6 ya koma mako biyu. Albasa da latas kuwa ba ruwansu, lokacinsu ne. Illar tana ga irin da ya sha ruwa ya kumbura ya kasa fitowa: yana kwance cikin laima mai sanyi har ya ruɓe. Haki yana tare iskar hunturu kada ta busar da saman gado, ya riƙe ɗumin yini zuwa dare. Ka sa hannu ƙarƙashinsa da asuba ka ji bambanci da ƙasar da ke fili.

Kada zurfin shuka ya wuce santimita 1. Ban ruwa kuma sai da hantsi, bayan rana ta ɗumama ƙasa, ba da asuba ko magariba ba.

Ranar da ka ga tsiro ya lanƙwaso kai ya fasa ƙasa, ɗage hakin. Idan ka bar shi, tsiron zai yi tsawo siriri, fari fat. Matakin kunne biyu, wato ganye biyun farko da tsiro ke fitowa da su, shi ne mafi haɗari: sanyi da yawan ruwa ke jawo ruɓewar gindi, ka tarar ya tsuke daidai bakin ƙasa ya kwanta. Rage ruwa, tsinke cunkoso, ka kafa zana ta arewa maso gabas inda iska ke kaɗowa. Da ya yi ganye huɗu na gaskiya ya tsallake. Bayan ganyen tumatir na iya yin shuni-shuni, saboda saiwa ba ta jan fosforas sosai a ƙasa mai sanyi. Kada ka ɗura taki, ɗumi ne maganinsa.

Leda tana gaggauta tsiro, ba a hana ta wannan. Amma ranar Sakkwato ko a hunturu takan kai digiri 30, mantuwar yini ɗaya ta dafa maka gado duka.

Ka kuma yi hattara da masu zuba tsohon iri a sabon gwangwani, idan bai fito ba su ce sanyi ne. Ƙirga ƙwaya 20, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye cikin ɗaki mai ɗumi kwana 10. Idan waɗanda suka tsaga ba su kai 15 ba, mayar wa wanda ya sayar maka da kayansa.