Zanen fenti ko zayyanar magina?

In 'yan kasuwa suka tashi bikin cikar layinsu shekaru, sukan so barin abin tunawa a bango. To, wanne za a yi?

Zanen fenti ba ya cin kuɗi sosai, kuma kowa na iya sa hannu. Yaran unguwa su riƙe buroshi, a zana mai shayi da butarsa, tela da kekensa, cikin mako guda an gama. Sai dai rana da ƙurar hunturu ba sa raga masa. Kafin a ankara ya koɗe, masu liƙa fastocin siyasa su ƙarasa shi. Ga kuma dattawan da ba sa son a zana mutum a bango.

Zayyanar magina kuwa, irin ta gidajen Birnin Damagaram da tsohuwar Zariya, sai gwani. Da hannu yake fitar da dagi tun laka na ɗanye, sannan a shafe da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Tana cin lokaci, ga gyara bayan damina. Ni dai ita zan zaɓa, ko a ƙofar layin kaɗai, in an samu maginin da ya iya.