Rawani, takunkumi ko injin tace iska: me za ka saya kafin hunturu ya kankama a Tawa?

Daga watan Oktoba, da zarar ciyawa ta bushe a wajajen Abalak, Cintabaraden da Tasara, wutar daji kan tashi, kuma duk mai dabbobi a can ya san warinta. A cikin gari ga hayaƙin bola da na gawayi. Kafin a sarara, hazo ya iso da ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, a yi ta fama har watan Maris.

Ƙurar da kake gani a kan tabarma ba ita ce babbar matsala ba, hanci na tare mafi yawanta. Mai cutarwar ita ce wadda likitoci ke kira PM2.5, ƙanana ƙwarai, sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Hayaƙi cike yake da su, kuma har cikin huhu suke sauka. Da wannan ma'auni za ka shiga farmasi.

Rawani da amawali sun yi wa kakanninmu aiki, suna tare yashi da sanyi, amma hayaƙi na ratsa saƙar kamar ruwa a rariya. Haka ma takunkumin yadi da tela ya ɗinka, ko an jiƙa shi. Shuɗin nan na likita ya ɗan fi su, sai dai gefensa a buɗe yake, iska kuwa inda ta samu sauƙi take bi.

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi mai lamba FFP2 ko N95. Na farko ma'aunin Turai ne, yana tace aƙalla kashi 94 cikin 100. Na biyu na Amurka, kashi 95. Bambancin bai kai a yi musu ba. KN95 na Sin ma yana aiki in na gaske ne, amma jabunsa sun yi yawa tun lokacin korona, don haka duba rubutun da ke jikin takunkumin kansa, ba kwalinsa kawai ba: FFP2 na ƙwarai yana ɗauke da EN 149 da tambarin CE. Mai igiya ta bayan kai ya fi mai rataya a kunne kamawa. Ka matse ƙarfen hancin, ka rufe da tafin hannu, ka hura. In ka ji iska a idonka, bai zauna ba. Masu gemu sai haƙuri, gashi na buɗe hanya, kariyar ta ragu sosai. Ɗan kabu-kabu da ke yini a titi ya sayi da yawa, domin ba a wanke shi. In ya yi dauɗa ko numfashi ya fara nauyi, a yar. Yaron da bai kai shekara 2 ba kuwa ba a sa masa kowane iri, a bar shi a ɗaki.

Injin tace iska mai matacin HEPA, wato mataci mai kama ƙura da hayaƙi ƙanana ƙwarai, yana da amfani ga gidan da ke da mai fuka, tsoho ko jariri, amma ɗaki ɗaya yake iya ɗauka, shi ma sai an rufe taga an toshe ƙasan ƙofa. Kafin ka biya, tambayi mai shago ko yana sayar da matacin canji, domin ƙurar Adar ba ta ɗaga wa mataci ƙafa. Ka kuma tuna in kuran ya ɗauke, injin ya zama ado. Fanka juya ƙurar kawai take yi. Kuma ba dabara ba ce a kunna inji sannan uwargida ta ɗora kaskon turaren wuta kusa da shi.

Man kaɗe a hanci yana rage bushewa, ba ya tace komai. Babu takunkumi ko inji a cikin waɗannan da ke tare gubar gawayi, don haka kada a kwana da kurfoti a rufaffen ɗaki komai sanyi. Mai fuka ya tanadi maganin shaƙarsa tun yanzu, in ƙirji ya riƙe kuma a wuce likita.