Kafin ka sayi fentin ƙasan jirgi a Yamai, dubi ruwan da jirginka ke kwana ciki

Jama'a masu ƙaramin jirgi a kogin Isa, ko na katako ne irin na Sarkawa ko ɗan na fiba mai tafiya da iska da ake saukowa da shi daga Kwatano, dan Allah ku tsaya ku ji kafin wani ya sayar maku da gwangwanin da ba ku da buƙata. Fentin nan mai tsada da ake ce ma antifulin, wanda ake shafa ma ƙasan jirgi don hana abubuwa mannewa, asali don teku aka yi shi. Can ruwan gishiri akwai wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke mannewa ƙasan jirgi sai an sa ƙarfe an kankare, akwai kuma tsutsar da ke huda katako ta ciki. Mu nan ba mu da su. Abin da ke damunmu gansakuka ne da santsi da laka, sai ruɓewar katako, to maganinsu ba lallai ya kai wannan kuɗin ba.

Mafi arha shi ne fiddawa da wankewa. In jirginka ƙarami ne mutum uku ko huɗu na iya jawo shi tudu, wallahi buroshi mai tauri da bokiti sun ishe ka, gansakukar da ta sha ranar Yamai ta bushe ba ta da wani ƙarfi. Amma fa na fiba nake nufi. Na katako in ya daɗe a rana allunan na tsukewa su buɗe baki, ka maida shi ruwa ka tarar yana yoyo ta ko'ina.

Sai gudro, wato kwalta, wanda masunta suka saba da shi. Yana toshe tsaga yana kare katako, kuma kayan aikin ba wuyar samu a kasuwar Katako. Ka duba yadda masu gyara ke yi a bakin kogi, a kife jirgi, a cusa tsumma ko auduga cikin tsagar da bakin ƙarfe, a bi da gudro mai zafi. Matsalarsa guda biyu, zafin watan Afrilu na sa shi laushi, kuma da zarar ka shafa shi ka yi bankwana da fenti kenan don duk wanda ka ɗora sama baƙin zai huda ya fito ko kuma ya ɓaɓɓake. Gansakuka ma na kama shi, kankara dai ba ka tsira ba.

Rezin epoksi, wani irin danƙo da ake shafawa ya daskare ya yi tauri, na hana ruwa shiga sosai amma ba ya kashe komi, kuma in ka shafa shi kan katako mai danshi ka rufe ruwa a ciki, ruɓewa za ta ci ta ƙarƙashi kai kana ganin waje na ƙyalli. Ni ban ba mai tsohon jirgin katako shawarar sa ba sam.

To antifulin ɗin fa? Galibi jan ƙarfe ne a ciki, yana fita a hankali yana hana abu kamawa. Iri biyu ne. Akwai mai narkewa kaɗan kaɗan kamar sabulu in jirgi na tafiya, wannan ko ka fidda jirgin ka maida bai lalace ba. Akwai mai tauri, yana jure gurza da yashi amma in ya daɗe a tudu ƙarfinsa na mutuwa, kuma shekara bayan shekara yana taruwa sai an kankare. Wanda zai bar jirgin fiba cikin ruwa wata da watanni, tun daga cikar damina har cikar kogi ta biyu, wato ruwan ƙasar Gine da ke isowa wajen Disamba da Janairu, shi ne kawai na ga ya cancanci ya saya, kuma ya nemi wanda aka rubuta na ruwan daɗi ne. Lita guda na rufe wajen murabba'in mita 10, shafi biyu ake yi, ka auna ƙasan jirginka kafin ka je kar ka sayo ya yi saura ya daskare.

In jikin jirginka alminiyom ne kar ka kuskura ka sa mai jan ƙarfe, cinye shi zai yi har ya huje.

Abin da ya fi tada min hankali shi ne tsohon kaya. Fenti mai guba da ake ce ma TBT, hukumar jiragen ruwa ta duniya ta hana shi ƙwata ƙwata tun 2008 don ɓarnar da ya yi ma halittun ruwa. Gwangwanin da takardarsa ta goge ko kwanan watansa ya wuce, ko kyauta aka ba ka bar shi, kogin nan shi muke sha, kifinsa muke ci, yara na wanka a ciki. In za ka gurje tsohon fenti ka jiƙa shi tukuna, ka rufe hanci, ka shimfiɗa leda ka kwashe garin nesa da bakin ruwa. Lokacin aikin kuwa Mayu zuwa farkon Yuni ne da ruwa ya ja baya, ka shafa da sassafe tun jikin jirgin bai ɗauki zafi ba.